Mai Ƙidayar Numfashi

Barira ta tsallako gada daga jami'a,
ta zauna gefen tabarmata a Gamkalle,
ta kara mini waya dab da ido:
"Kaka, dubi wannan."

Wani abu ne kwance tsakanin duwatsu,
kai kamar faifai, ido kamar ƙwayar gero,
fata ta yi masa yawa kamar rigar aro.
Ba kifi ba, ba kada ba, ba guza ba.
Ta ce can ƙasar Sin yake, cikin ƙoramun tsauni,
tsawonsa ya kusa na mutum,
in ya yi kuka ka rantse jariri ne.
Ta ce an ci shi, an ci shi,
har ya fi yawa a kwamin masu kiwo
bisa ga ruwan da ya haife shi.

Na mayar mata da wayarta.
Na san labarin nan, suna kawai aka sake.

Ayu.
Ubana Bizo ya kashe goma sha ɗaya,
ni uku.
Ga zagon can bayan ƙyaure,
tsatsa na cinsa, ban hana ta ba.

Ta ƙarshen mace ce.
Da muka jawo ta kan yashi, ƙasa da Saga,
nono ya zubo daga hammatarta,
fari fat, ya bi ta kan ƙafata.
Kwana biyu wani ƙaramin hanci
yana kewaya jirgina cikin dare.
Na sayar da man, na sayar da ƙashi,
masu magani har suna rige-rige.
Da kuɗin na rufa ɗakin nan da kwano,
ɗakin da aka haifi uwarki.
Duk damina in ruwa ya bugi rufin
ni ba ruwa nake ji ba.

Yanzu dubi kogin.
Da rani yara na buga ƙwallo
inda gorata ba ta taɓa ƙasa ba.
Burgun da ayu ke kiwo an yanke wa shanu,
leda ta yi wa saura rawani,
injin jirage ba ya barin kowa barci.

Barira da malaminta suka ce:
"Wanda ya san hanyar kisa ya san hanyar gida.
Zo ka nuna mana."
Suka ba ni littafi da fensir.
Ban yi boko ba, sai aka ce in ja layi:
numfashi ɗaya, layi ɗaya.

Nakan fita kafin kiran assalatu,
ba inji, ba fitila, ba tari.
In gangara har fitilun Yamai su zama ƙura a baya,
in nemi ciyawar da aka datsa daga ƙasa,
in jira, yadda Bizo ya koya mini jira,
sai dai hannun dama ba komai cikinsa.
Har yau yakan ɗaga da kansa.

Dare arba'in da uku, littafi fari.

Daren jiya, kusa da wani gungu,
ruwa ya buɗe kaɗan,
na ji fuuu, sau ɗaya, ya rufe.
Ko ɗan dorina ne, ko tsohuwar jarka ce,
ko kunnen tsoho ne ke yi masa alheri.
Na riƙe fensir har gari ya waye.
Na ja layin, amma siriri,
yadda in ƙarya ce, za ta gogu.

Barira, in wayarki na kaiwa can,
a bakin wata ƙorama mai sanyi
ba za a rasa tsoho irina ba,
wanda ya san ɗanɗanon abin da yake gadi.
Ce masa mutumin Gamkalle na gaisuwa.
Tambaye shi layi nawa ya ja bana.