Gaba Goma Sha Huɗu

Mahaifina Tunau bai yi boko ba,
amma ya karance Jandutsi daga sama har ƙasa,
shafi bayan shafi, da bakin sangwami.
Gaba biyun farko jar marmara ce mai tartsatsi.
Ƙarƙashinta yumɓu, mai riƙe ƙafa kamar mai bin bashi.
Sai rairayi. Sai wani yumɓun.
Can wajen gaba goma sha huɗu, in rijiyar ta so ka,
farin dutse.

Ina aji uku na zo hutu
da littafin da Malama Kuluwa ta ara mini, bangonsa ya ɓare.
Na ce, Baba, akwai ƙasar da ƙanƙara ke tafiya,
kogi guda, daskararre,
taku ɗaya a wuni,
tana koro duwatsu gabanta kamar garke,
in ta janye ta bar kwari mai faɗin ciki kamar akushi.

Ya ajiye igiyar da yake tufka.
"Ƙanƙara dai? Wadda Arzika ka saisuwa da azumi,
cikin buhu da dusa?
Kahin la'asar ta koma ruwa, ɗana."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Na buɗe wani hoton, dutse mai siririn wuya da ƙaton kai.
Wannan bai yi gardama ba.
Akwai ɗan'uwansa bayan gari, inda awaki ke shan inuwa,
an cinye masa ƙugu, an bar masa malafa.
"Iska ba ta da haƙori," in ji shi,
"na rairayi taka ara."

Ran Laraba ya ɗaura mini igiya a ƙugu.
Mutum huɗu suka riƙe, aka zura ni.
Sama ta yi ta ƙanƙancewa har ta koma faifai,
sanyi ya hau ni daga tafin ƙafa.
Ya riga ni isa. Ya kama hannuna cikin duhu
ya cusa shi a wani kogo jikin farin dutsen,
har kafaɗa, ban taɓo ƙarshe ba.
Santsi kamar cikin sabuwar ƙwarya.
Can ciki wani abu na ɗiga,
ɗis,
sai ka gaji da jira,
ɗis.

"Ba ni nig gina wanga ba. Iske shi niy yi.
Ruwa ka lasa tai, kamar saniya da kanwa."

Da dare ya jawo gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado.
Katantanwa ce cike, amma ta dutse,
wasu da zanensu kamar jiya aka yi.
Shekara talatin yana tsinto su a gindin rijiyoyi
bai nuna wa kowa ba,
kada a ce ruwan na da masu shi, a ƙi sha.

Na ce Malama ta ce teku ta taɓa kwanciya a nan.
"Teku? Ƙasar Jega?"
Ya juya ɗaya a tafinsa, ya daɗe.
"To. In teku ta kwana nan ta tashi ba sallama,
bar ƙanƙarar taka ta yi tahiyatta."

Yanzu motar burtsatse ke zuwa.
Wuni biyu, ruri, farin gari, sai famfo.
Ba mai sauka, ba mai karatu.

Gwangwanin na wurina, murfin ya yi tsatsa.
Ban taɓa ganin ƙanƙarar nan da idona ba,
ko teku ban gani ba.
Amma bara na leƙa rijiyar Larabar nan:
itacen bakinta ya yi kwari biyar, zurfin yatsa,
inda igiyar guga ke bi.
Irinsu ne a tafin Baba
ranar da muka yi masa wanka.