Abokin Sana'a

A bayan gidana, can gefen Tartu,
akwai bishiya mai farin ɓawo da ta mutu a tsaye.
Maƙwabcina Valdur ya ce a kawo zarto,
wai wata rana kan shingensa za ta kife.
Na ce a dakata tukuna,
akwai mai aiki a kanta, bai gama ba.

Shekara arba'in da ɗaya ina sassaƙa,
ƙofofi, kujeru, gadon jarirai.
Kukan inji ya cinye min kunnen hagu,
ya gutsuri na dama ya bar min saura.
An ce gani ya kori ji.
Nawa jin da ƙafarsa ya tafi, babu wanda ya kore shi.

'Yata ce ta aiko da kyamara daga Tallinn,
wai kada zaman gida ya rufe ni da rai.
Na rataya kitsen sa a raga,
ƙananan suka zo, masu ɗigon fari da baƙi,
na ɗauke su har na gaji,
suna ci suna hararata.
Ba su nake jira ba.

Babban nake jira, maƙwaƙƙwafi baƙi wuluk,
mai jar hula a tsakar ka.
Shi ba ya cin na roƙo.
Tururuwar cikin ruɓaɓɓen itace yake bi,
ya bar min shaida a kan dusar ƙanƙara:
sassaƙe, tsawon ɗan yatsa, a warwatse,
da rami dogo mai kusurwa a jikin bishiya.
Na zura hannu na shafa gefensa.
Ba ma'auni, ba fensir, ba gizago.
Da yarona ne ya yi wannan
da tuni na sallame shi ya buɗe nasa shago.

Hunturu uku ina fako.
Rana a nan sai ƙarfe tara take leƙowa,
kafin shayi na biyu ya huce ta tattara.
Batir na mutuwa don sanyi,
sai in ɗumama shi a hammata kamar ƙwai.
In ina gabas, yana yamma yana bugu.
Kowa a unguwa ya ji shi, ban da ni.

Ran nan jikata Piret ta kwana.
Da safe ta ja min hannun riga,
bakinta na motsi, idonta waje.
Muka fita ba safa, ba hula,
muka zagaya ta bayan rumbun itace,
muka laɓe a gindin bishiyar, shi yana can sama.

Ta kama tafina ta manna a ɓawo.

Sai ga shi.
Ƙwas, ƙwas, ya huta, ƙwas-ƙwas-ƙwas,
ya biyo ta cikin mataccen itace,
ya shiga wuyan hannu, ya hau gwiwa,
ya tsaya a kafaɗar da ta san guduma.
Na san wannan bugun.
Na mai gwada katako ne, yana neman inda ya yi holoƙo.

Da hannu ɗaya na ɗaga kyamara,
ɗayan ya ƙi barin bishiya.
Na latsa. Ya tashi.

Hoton ga shi can a bango kusa da agogo:
rabin wutsiya, farin sama,
da ɓarɓashi shida da suka tsaya cak a iska.
Valdur ya duba ya duba, ya ce, ina tsuntsun?
Na ce ya fita, aikinsa ne wannan.

Bai sāke maganar zarto ba sai da bazara.
Na ce masa in ta faɗi, ni zan gyara shingen.
Har yanzu ina da ƙusoshi.