Idon Rariya

Ƙarfe biyu na rana, tsakiyar bazara,
kwanon ɗakin bincike na ƙara kamar gyaɗa a kasko.
Na zana Maradi cikin na'ura,
na yanka samanta gida-gida
kamar gurabun dara a ƙasa,
kowane gida kilomita guda.

A gida ɗaya na cusa Babbar Kasuwa,
da tasha, da matan ƙuli-ƙuli,
da kwalta mai tururi, da inuwar darbejiya.
Na'ura ta haɗiye su duka
ta miƙo mini lamba ɗaya,
wai ga zafinsu, ga iskarsu.

Lamba ɗaya!
Alhali ta taga ina kallon guguwa
ta tashi a filin ƙwallo, siririya kamar taɓarya,
ta suri baƙar leda da ɓawon gyaɗa,
ta tuɓe wa Malam Nomau mai gadi hula,
ta mutu bayan famfo kafin ya ƙare salati.
Na waiga allo, shiru kake ji.
A Maradin da na gina
hular tana nan a kansa.

Da maraice na iske Inna Cima tana tankaɗe.
Ta ce, "Habsu, rariya mai faɗin ido sauri gare ta,
amma tuwonta da tsaki.
Mai ƙaramin ido ta fi gaskiya,
sai dai kafaɗa ke biyan kuɗinta."

Washegari na raba gidajen biyu,
tsawo da faɗi da tashi sama.
Ɗaya ya haifi takwas,
takun lokaci ya koma rabi,
aiki ya ninka sau sha shida.
Na raba, na sake rabawa,
har ido ya koma mita hamsin.
Kwana tara na'ura na nishi.
Sau uku wuta ta ɗauke,
Illa ya ci bashin mai ya tada inji
yana tambaya ko iskar ce za ta biya shi.

Ranar ta goma allo ya buɗe baki.
Ga saƙar zuma shimfiɗe bisa gari:
iska mai zafi na hawa ta bangon saƙar,
mai sanyi na sauka ta tsakiya a hankali.
Bisa lambunan Gulbi ta yi kasala,
bisa kwanukan Zariya ta miƙe tsaye
har ta bugi murfin da ba a gani,
can inda shirwa ke juyi ba ta kaɗa fiffike.
Na daɗe ina kallon shirwar nan bisa mahauta,
ashe tsani take hawa.

Amma ɓarauniyar hula ba ta fito ba.

Iska ma ƴar kasuwa ce, irin ta garinmu.
Babbar guguwa na saye da sari,
ta sayar wa dillali, dillali ya kai wa mai tebur,
mai tebur ya ƙulla a leda,
har kaya su koma canjin da ba a ƙirgawa,
ɗan ɗumi kawai a tafin hannu.
Na'urata ta san masu sito da sunansu.
Ƴan ƙulle-ƙulle kuwa sai ƙiyasi,
na rubuta musu kuɗin goro
na ce ya ishe su.

Bayan isha'i ƙasa ta huce,
murfin sama ya sauko har kan katanga,
guguwa ta ƙanƙance ta koma girman ƙwarya.
Rariyar da na yi alfahari da ita da rana
ta sake makancewa.

Muna kwance a tsakar gida,
Inna ta ce, "To, na'urar taku ta ce za a yi ruwa?"
Na ce ba ta kai nan ba tukuna.
Ta yi dariya, ta gyara turaren sauro.
Hayaƙin ya miƙe kamar zare, taƙi ɗaya,
sannan ya karkace, ya murɗe, ya rabu uku,
ina bin sa da ido
har barci ya ɗauke ni ban gama ƙirga ba.