Akwatin Tambaya

Malama Asabe ta kawo kwalin sabulu,
ta huda masa baki:
"Ku jefa abin da kunya ta hana ku faɗa.
Ban da suna."

Ranar Laraba, a ajinmu na Kakuri,
ta zazzage shi kan tebur.

"Jinin al'ada cuta ne?"
"In na ce a'a, sai na kawo dalili?"
"A'a ta wadatar," in ji Malama.

Maza na ta dariya
har ta warware wata 'yar takarda:
"Ni ma an taɓa ni. Namiji ne ni."

Fanka kaɗai ke motsi.

Na gane rubutun.
A hanyar gida, gefen rufaffiyar masaƙa,
na ba shi rabin gyaɗata,
ban tambaye shi komai ba.