Damagaram a Kife

Ba na tunkarar mutum da kyamara.
Sau ɗaya na gwada, a bakin Kasuwar Dole,
tsohuwa mai ƙosai ta ɗaga faifai ta kare fuska,
ta ce, "Ɗan nan, wa ya aike ka?"
Tun ranar na koyi kewaye.
Sai in laɓe, in jira gari ya leƙa abu mai ƙyalli,
in kama shi yana kallon kansa.

Madubin babur ɗin Mutari ɗan kabu-kabu
bai kai tafin hannuna ba,
amma ya haɗiye titi guda
da amalanken shanu da rabin tasha.
A allon mai sayar da tabarau
rana sittin ce ke fitowa,
mai tallan fura ɗaya ta zama sittin,
kowace da ƙwaryarta, kowace da gajiyarta.
Jikin butar shayin Kyari kuwa
shago ya yi tumbi,
mai shagon ya koma tsinken tsire.

Ana tambayata, ina launin?
Na ce launi surutu gare shi.
Jan gyale yakan katse wa fuska magana.
Ku bar ni da tawada da takarda,
da tokar da ke tsakaninsu.

Ruwa a garin nan baƙo ne mai gajen zama.
Famfonmu sai ya kwana uku yana tari,
jarkoki a layi kamar masu zaman makoki.
To da aka kwana ana sheƙawa a watan takwas,
kafin awaki su fito na fito.
A wani lungu cikin Birni, gindin dutse,
na tarar da kududdufi kwance
riƙe da gari a kife:
zankwaye sun soki ƙasa,
zanen bango yana rawa a hankali,
shirwa na iyo a ƙarƙashin soro.

Na durƙusa har gwiwa ta jiƙe.
Na jira mai wucewa.
Keke ya zo, ya kauce.
Yaro ya zo da dutse a hannu, na roƙe shi da dala biyar.
Can sai ga Cima, matar magini,
da kwano, za ta ɗebi na kwaɓa ƙasa.
Ta sunkuya, ta ruwan ta ɗago,
hannu ya nufi hannu.
Na danna.
Kwano ya shiga, gari ya farfashe.
Ta kwashe Birni ta ɗora a ka, ta yi gaba.
Kafin la'asar wurin ya koma taɓo da sawun jaki.

Da dare na fitar da hoton.
Can gefe, cikin ruwan, bayan kafaɗar Cima,
ga wani mutum a kife,
ido ɗaya a rufe, kafaɗar hagu a karkace.
Ban gayyace shi ba.

Babana shekara talatin yana ɗaukar hoto a Zango,
amare, ƴan lakwal, masu neman takardar tafiya,
a gaban labule mai zanen jirgi.
Nasa ko ɗaya bai bari ba.
Wanzami ba ya son jarfa.
Ranar da ya rasu mun zazzage akwati,
fuskokin mutane dubu, ban da tasa.

Da safe na kai wa Inna takardar.
Ta duba, ta nisanta ta, ta kusanto,
sannan ta juya ta, sama ta koma ƙasa.
Cima ta rataye a sararin sama,
mutumin ruwa ya tsaya daidai.
Inna ta daɗe ba ta ce komai ba.
Ta sa bakin zane ta goge takardar
kamar ruwan zai jiƙa shi,
ta kira sunan da ba ta taɓa furtawa a gabanmu ba.

Ban ce mata ni ne ba.
Ta sa shi ƙarƙashin matashi.
Kokon ya huce, ba wanda ya sha.