Shaidar Karkade

Makarantarmu ta Maiurno, gab da bakin Nilu,
ɗakin gwajinta kabad ɗaya ne,
makullinsa ya ɓata tun ba a haife ni ba.
Ranar da aka ɓalle shi
sai kwalba uku marasa suna da gidan zanzaro.

Ustaza Mahasin ko tsaki ba ta yi ba.
Ta ce gobe kowa ya zo da abin da ke madafar uwarsa.

Ni na zo da karkade,
wanda kakata Tabawa har yau take ce wa soɓorodo,
sunan da uwarta ta ɗauko a ka daga yamma
tare da ƙwarya da niyyar hajji.
Ikhlas ta kawo lemon tsami,
Mudassir kanwa a ƙullin tsumma,
Barira tokar murhu, tana sunkuyar da kai.
Ustaza ta ce, ke kika fi kowa kaya.

Aka jera kofunan shayi a kan tebur,
jan ruwa a kowanne.
An matsa lemo a na farko, ja ya ƙara ja,
kamar wanda aka faɗa wa magana.
An jefa kanwa a na biyu,
sai ya yi duhu, ya juya kore,
ajin ya ɗauki salati.
Ruwan toka ma haka ya yi.
Mai tsami asid ne, in ji ta, waɗannan kuwa alkali.
Mudassir ya ce, alƙali? To ina kotunsa?
Ta ce ga kotun a gabanka,
karkade ne mai ba da shaida, kuma ba ya cin hanci.

Ta zuba na farko cikin na biyu.
Kumfa ta taso tana huci,
iska ta fita, faɗa ya mutu,
aka bar wani irin gishiri narke cikin ruwa.

Sai ta murje gishirin miya a tafin hannu.
Ku raba, ku sake rabawa,
har wuƙa ta gaji, har ido ya sallama,
can ƙasa akwai ƙwayar zarra.
Nauyinta na tsakiya,
ilektron na kewaye da ita
kamar raƙumin matsar riɗi a kasuwar Sinnar.
Ta ce misali ne kawai, kada ku rubuta raƙumi a jarrabawa.

Sodiyam, in ya taɓa ruwa, tartsatsi yake yi.
Kulorin iska ce mai shaƙe maƙoshi.
Wannan na da ilektron guda da ya yi masa yawa,
waccan guda take nema.
Ya miƙa, ta karɓa,
ga shi yau muna barbaɗa su a kan wake.
Na daɗe ina kallon tafin hannunta.

Da yamma na tsaya a mashaya.
Haidirojin biyu, oksijin ɗaya,
haka tun daga duwatsun Habasha har Khartum,
ƙidaya ɗaya ake ta maimaitawa
kwalekwale na tafiya a kanta.

A gida na jera wa kaka kofuna.
Ta kalli koren ruwan, ta taɓe baki:
wannan ake biya wa kuɗin makaranta?
Shekara sittin ina kashe tsamin yakuwa da kanwa,
ba wanda ya ba ni takarda.

Na ce gawayin da kike ƙonawa ma ba ya ɓata,
iska yake shiga, bishiya ta sake shaƙa.
Ta yi shiru tana tona murhu.

Bayan isha'i, na kusa barci,
na ji motsin kofi a tsakar gida,
da muryarta ƙasa-ƙasa:
ke, ina kika ajiye sauran lemon nan?