Goma Sha Ɗaya, Kar a Haɗa da Sauran

Nuwamba ce a Creil.
Ƙasar nan da aka ƙwato daga bakin teku
har yau tana tofo katantanwa in ka tona ta.
Na durƙusa a bayan gida, yatsuna sun yi jawur don sanyi,
a gefena jakar takarda mai rubutun mahaifina:
"Goma sha ɗaya. Kar a haɗa da sauran."

Wiebe ke nan, mai rowar magana.
Shekara shida da suka wuce
ya saci burushin fentin jikarsa,
ya lakato garin jan tulif
ya shafa a cikin fari,
ya ɗaure kan furen da tsumma don kar zuma ta sa baki.
Irin ya fito shafal kamar ɓawon tafarnuwa.
Shekarar farko, ganye ɗaya, siriri kamar tsinke.
Ta biyu, tsinken ya yi ƙiba kaɗan.
Mu muna dariya, shi yana auna shi da ɗan yatsa.
A ta shida muka rufe shi da wannan ƙasa,
bai ga launin abin da ya haɗa ba.

To, ga ni.
Tsakuwa a gindin tukunya, yashi a kanta,
don albasar nan ba ta son kwana da jiƙaƙƙiyar ƙafa.
Tsini sama, gindi ƙasa,
zurfi ninki uku na tsawonta.
Takwas a lambu, uku a tukunya.
Na yayyafa ruwa sau ɗaya, na juya baya.
Daga nan aikin sanyi ne, ba nawa ba:
in hunturu bai gasa mata aya a hannu ba
ba za ta buɗe baki ta ce komai ba.

A Janairu ɓeraye suka yi walima.
Na manta ragar waya, laifina ne.
Ramuka takwas a dusar ƙanƙara,
tsaf, kamar an ƙwaƙule idanu.
Na zauna a bakin ƙofa na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.
Cikin ukun tukunya, biyu suka ruɓe.

Saura ɗaya.
A Maris ta huda ƙasa da ɗan jan ƙaho.
Kullum da safe, kafin kofi,
nakan juya tukunyar don kar ta karkace wajen bin rana.

A littafinsa ya rubuta abin da yake fata:
ja mai duhu kamar hanta, da farin baki.
Ranar sha tara ga Afrilu ta buɗe.
Rawaya ce.
Rawaya fatau, da jan zane ɗaya a gefe,
kamar wanda ya yanke wajen aski.

Sun ce abin da ka shuka shi za ka girba.
Ba su san tulif ba.

Maƙwabcinmu Douwe ya jingine kekensa,
ya duba ta sama da ƙasa, ya taɓe baki:
"Tjitske, ko sisi ba za ta yi a kasuwa ba."
Na ce na sani.
Ya cire hula duk da haka.

Kwana tara na ba ta.
A na goma na tsinke kanta da farce,
tun tana da kyanta,
don ƙarfin ya koma ƙasa inda ake bukatarsa.
Ganyen na bar shi ya yi muninsa,
ya yi laushi, ya kwanta, ya bushe.
Ba a gaggauta wa mai bankwana.

A Yuli na kife tukunyar a kan jarida.
Uwar ta ƙare, sai riga.
A gurbinta sabuwa ɗaya, dunƙulalliya,
da 'ya'ya biyu manne a ƙugunta.

Na nemo jakar takardar nan.
Ƙarƙashin rubutunsa na sa nawa:
"Uku. A sayi ragar waya."